Sabar a Ɗaki: Yadda Ake Zaɓen Layin Intanet a Katsina da Daura

Mai tallan intanet abu ɗaya yake ɗaga maka, saurin saukewa. Ga wanda buƙatarsa kallon bidiyo da hira a WhatsApp, wannan ya wadatar. Amma wanda zai ajiye sabar a gida, wato kwamfutar da wasu na'urori ke shiga ta intanet su ɗauki bayani, ko don adana hotuna da takardun iyali, ko lissafin shago da yake son dubawa daga kasuwa, ko kyamarorin tsaro, ko shafin wata makarantar Islamiyya, lissafinsa daban ne. Shi ba fita kawai yake so ya yi ba, so yake na waje su iya shigowa wurinsa. Layin da ke sauke fim cikin minti biyu yana iya zama ba ya barin kowa ya shigo ko kaɗan, kuma ba wanda zai rubuta maka haka a jikin kwali.

Ana iya iso ka daga waje?

Kowace na'ura da ake nema a intanet tana buƙatar adireshin IP. Tsohon tsarin, IPv4, adireshi kusan biliyan 4.3 ne gaba ɗaya, kuma tun 2011 babban rumbun da ake rabawa nahiyoyi ya ƙare. Hukumar AFRINIC da ke Morishus, wadda ke rabon na Afirka, da awo take bayar da ɗan abin da ya saura. Dabarar da kamfanoni suka koma wa ita ce CGNAT: a tara ɗaruruwan kwastomomi a bayan adireshi ɗaya. Kamar gidan haya ne mai zaure guda. Kowane ɗan haya yana fita, kuma in ya yi aike ana kawo masa amsa har ɗaki, amma baƙon da ya zo da lambar gida kawai a zaure zai tsaya, don ba wanda zai gaya masa ɗakin da zai nufa. Sabar kuwa aikinta ke nan, karɓar baƙin da ba ta aika a kira ba.

Gano ko kana bayan CGNAT ba ya cin minti biyar. Ka shiga shafin saitin rauta, wato akwatin da ke raba intanet a gida, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, ka nemi wurin da aka rubuta WAN, ka kwafe adireshin da ke nan. Sannan ka buɗe ifconfig.me a burauza, kana kan layin, ka ga adireshin da duniya ke gani. In sun zo ɗaya, kana da adireshin fili, alhamdu lillahi. In sun sha bamban, dubi na WAN ɗin da kyau. Duk wanda ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255 CGNAT ne ba tantama, don wannan zangon an keɓe shi ne saboda haka tun 2012. Wanda ya fara da 10, ko ya faɗa tsakanin 172.16 da 172.31, a kan layin SIM ma'anarsa ɗaya ce.

Akwai wurin da ake ruɗewa. In rautarka tana bayan akwatin kamfani, wato ka jona taka a jikin tasu, WAN ɗinka zai nuna 192.168 da wani abu. Wannan ba lallai CGNAT ba ne, mai yiwuwa rauta biyu ce kawai a jere cikin gidanka. Ka shiga akwatin kamfanin ka duba nasa WAN ɗin. In shi yana da adireshin fili, maganin shi ne a sa akwatin a yanayin da menu ke kira Bridge, ya zama mai miƙa layi kawai, rautarka ta karɓi adireshin kai tsaye. Wasu kamfanonin sukan kulle wannan saitin, sai su ne za su buɗe daga ofis. Ka tambaya kafin ka biya.

Ko adireshin fili ne, kada ka yarda sai ka ga baƙo ya shigo. A kwamfutar Linux ka shiga wani fanko na folda, ka rubuta `python3 -m http.server 8080`. A rauta ka je Port Forwarding ka tura ƙofa 8080, wato lambar mashigar da shirin ke sauraro a kai, zuwa adireshin kwamfutar na cikin gida. Daga nan ka kashe Wi-Fi a wayarka, ka kunna datar wani kamfani daban, ka rubuta adireshin filin da :8080 a ƙarshensa. In shafi ya buɗe, hanya a buɗe take. Kada ka yi gwajin kana kan Wi-Fi ɗin gidan, domin rautoci da yawa ba sa iya juyo da kira daga ciki zuwa ciki, sai ka zargi kamfani a banza. Ka maimaita da ƙofa 80 da 443, don su ne na shafukan yanar gizo, kuma akwai kamfanonin da ke barin 8080 su toshe waɗannan biyun. Kana gamawa ka kashe shirin ka rufe ƙofar.

Abin da za ka tambaya a ofis

Mai karɓar baƙi a kanta ba lallai ya taɓa jin CGNAT ba, kuma ba laifinsa ba ne. Cikin ladabi ka ce, "Malam, don Allah a haɗa ni da injiniya ko sashen 'yan kasuwa." In an haɗa ku, tambayar a taƙaice take: "Injiniya, adireshin da za a ba ni na fili ne ko na tarayya? In na fili ne, tsayayye ne ko yana sauyawa? Nawa ne a wata? Akwai ƙofar da kuke toshewa? Kuna bayar da IPv6?" Amsar ta zo a rubuce, ko da a saƙon WhatsApp ne daga lambar ofis. Maganar baki ba ta tsaya maka ranar da aka sauya tsari.

Tsayayyen adireshi ya fi daɗi, amma mai sauyawa ma yana aiki. Ana haɗa shi da DDNS, wato ɗan shiri da ke duba adireshinka duk minti biyar, in ya sauya ya sanar da sunan shafinka. DuckDNS kyauta yake yi, haka ma Cloudflare in sunan shafin yana hannunsu. Ka sa TTL ɗin sunan, wato tsawon lokacin da na'urori ke riƙe adireshi kafin su sake tambaya, a daƙiƙa 300 ko ƙasa da haka, in ba haka ba wayoyin mutane za su yi ta zuwa tsohon adireshi na sa'o'i. Saboda haka kada ka biya kuɗi mai yawa don kalmar "tsayayye" kaɗai. Abin biya shi ne "na fili".

Ka kuma karanta sharuɗɗan. Wasu tsare-tsaren gida sun hana ajiye sabar ko raba layi ga maƙwabta. Ba kasafai ake damuwa da mai ɗan shafi ba, amma mai ɗora terabait a wata yana jawo ido. Sannan ka duba sunan kamfanin a jerin masu lasisi na Hukumar Sadarwa ta Najeriya, NCC. Ƙaramin kamfani na gari ba aibu ba ne, sau da yawa ma ya fi saurin turo mai gyara. Amma ka san ko lasisinsa ne, ko sayowa yake daga wani yana sayar maka, domin wanda bai mallaki adireshi ba ba zai iya ba ka ba. In an cuce ka kuma kamfani ya ƙi saurara, lambar ƙorafi ta NCC ita ce 622.

Ɗorawa, ba saukewa ba

Duk abin da baƙo ya sauke daga sabar ɗinka, kai ɗorawa ka yi. Don haka lambar da ba a tallatawa ita ce taka. Lissafin mai sauƙi ne: Mbps 10 na ɗorawa daidai yake da MB 1.25 a daƙiƙa, wato GB 4.5 a awa. Ajiyar kwafi ta GB 100 za ta ci kusan awa 22. A kan Mbps 2 kuwa, sama da kwana huɗu da rabi ba tsayawa.

Shafin rubutu da hotuna kaɗan, ko manhajar lissafin shago, Mbps 2 zuwa 3 masu tsayuwa sun ishe su. Nextcloud na iyali, inda ake jefa hotuna da takardu, yana son 5 zuwa 10. Bidiyo mai 1080p ta Jellyfin, manhajar kallon fina-finai daga sabar gida, yana cin 5 zuwa 8 ga mai kallo ɗaya, biyu in sun haɗu ka ninka. Kyamarar tsaro guda kan ci 2 zuwa 4, gwargwadon saiti.

Ga inda data ke ƙonewa ba a sani ba. Mbps 1 kacal, in yana gudana dare da rana, GB 10.8 ne a yini, GB 324 a wata. Kyamara ɗaya mai Mbps 2 da ke turawa waje ba hutu za ta ci kusan GB 650. A kan SIM, ɗorawa da saukewa duka ana cirewa daga datarka. Kuma tsarin da ake cewa mara iyaka kusan kullum yana da iyakar da in ka kai a rage maka gudu. Ka nemi lambobi biyu: a GB nawa ake ragewa, kuma zuwa Mbps nawa. Layin da aka mayar da shi ƙasa da Mbps 1 a ranar 18 ga wata, sabar ɗinka ta mutu har wata ya ƙare. Farashi ma ba ya zama wuri ɗaya, a Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100. Ka bar sarari a kasafinka.

Gwajin gudu sau ɗaya da hantsi yaudarar kai ne. Ka gwada da asuba, da azahar, da kuma tsakanin bayan isha'i zuwa sha ɗaya na dare, lokacin da unguwa duka ke kan waya. Ka yi haka mako guda, har da Juma'a da Lahadi. Lambar da ta fi ƙanƙanta ita ce gudun layinka na gaskiya. Ka yi da waya ta Ethernet a jone, don kada raunin Wi-Fi ya shiga lissafi. Sai kuma `ping -c 1000 1.1.1.1`, ka dubi layin ƙarshe. Asarar da ta wuce kashi 1 cikin 100 za ka ji ta a jikinka: SSH, hanyar sarrafa sabar daga nesa, na sandarewa, kira na yankewa. Abu na ƙarshe, ka bar ping yana gudana, ka fara ɗora babban fayil. In jinkirin ya tashi daga milidaƙiƙa 50 zuwa 800, akwatin yana tara kaya a layi ne. Ana gyara wannan da SQM, saitin da ke tsara jerin kaya, a rauta mai manhajar OpenWrt, ko da tsarin jerin gwano a MikroTik, a ƙayyade ɗorawa a kusan kashi 85 zuwa 90 na abin da layin ke iyawa. In ba a yi haka ba, duk lokacin da sabar ta fara tura ajiya, mutanen gida za su ce sabis ya ɗauke.

Ire-iren layin da za ka tarar

Faiba ita ce kan gaba in ta iso ƙofarka. Jinkirinta kaɗan ne, ɗorawarta ta fi kowa, kuma masu ita sun fi saurin sayar da adireshin fili. Sai dai samuwarta layi-layi ce, ba gari-gari ba. Ana iya samu a wani titi na GRA ko bakin babbar hanya, a rasa a lungun da ke bayan Ƙofar Marusa. Kada ka amince da "muna Katsina", ka ce a zo a ga gidan. Ka tambayi ta inda wayar za ta bi. Wadda aka rataya a turakun lantarki babbar mota mai lodi na iya tsinke ta, wadda aka binne kuma masu haƙar kwalbati da gyaran titi ne abokan gabarta. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ina masu gyaran suke zaune. In sai an taso daga Kano, tsinkewar yamma ta zama ta gobe ko jibi. A Daura wannan tambayar ta fi nauyi. In layin da PPPoE yake shiga, wato da suna da kalmar sirri, MTU ɗinsa, wato iyakar girman ƙunshin bayani guda, 1492 ne ba 1500 ba, kuma rashin daidaita wannan shi ke sa wasu shafuka su buɗe rabi su tsaya.

Na biyu shi ne rediyo daga hasumiya zuwa rufin gida, irin wanda ƙananan kamfanoni ke yi da kayan Ubiquiti ko MikroTik. Yana buƙatar eriya ta hangi eriya ba shamaki. Shimfiɗar ƙasar nan ta taimaka, amma dogon bedi ko sabon bene na iya shiga tsakani, kuma bishiyar da ta zubar da ganye da rani za ta cika da damina. Amfaninsu shi ne za ka iya zama da mai kamfanin ku daidaita a kan adireshi. Ka tambaye shi ko layin na tarayya ne ko naka kai kaɗai, da kuma awa nawa batirin hasumiyarsa ke ɗauka in an ɗauke wuta.

Na uku, wanda yawancinmu ke kai, rautar SIM ta 4G ko 5G daga MTN, Airtel, Glo da sauransu. Ka ɗauka a ranka cewa SIM na gama-gari yana bayan CGNAT, sai in gwaji ya nuna akasin haka. Adireshin fili a nan sai ta tsarin 'yan kasuwa, da APN na musamman, wato saitin mashigar data na SIM. Sandunan sigina da ke jikin akwati ba sa faɗin gaskiya, ka shiga saiti ka dubi RSRP, ƙarfin sigina, da SINR, tsabtarsa. RSRP daga -90 zuwa sama yana da kyau, ƙasa da -110 wahala ce. SINR sama da 13 lafiya lau, ƙasa da 5 kuwa gudu zai riƙa hawa da sauka. Ɗorawa ta fi saukewa jin raunin sigina, domin ƙarfen sabis yana da murya, ɗan akwatinka kuwa ba shi da ita. Katangar ƙasa mai kauri ta gidajen cikin gari da rufin kwano duk suna cinye sigina. Maimakon doguwar wayar eriya, wadda ita ma ke zubar da ƙarfi a kowace mita, gara akwatin waje da ake ɗaurewa a sama, a sauko da Ethernet, wadda ke kai mita 100 ba asara. Na wajen Daura, Mai'aduwa, Kongolam da Jibiya su kashe Roaming a rauta, don kada ta kama sabis ɗin Nijar da dare.

Na huɗu Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. Yana isa inda ba faiba ba hasumiya, kuma bai dogara da ƙarfen sabis na unguwa ba. Amma tsarin gida yana bayan CGNAT a IPv4. Adireshin fili sai a tsarin Priority mai tsada, kuma ko shi ba tsayayye ba ne. Yana bayar da IPv6, sai dai rautarsa ba ta da saitin tura ƙofa, dole ka sa ta a Bypass ka jona taka. Ɗorawarsa ba ta kusa da saukewarsa. Ruwan sama mai ƙarfi na Agusta yana iya yanke shi na mintuna. Ga cin wuta: babban faifan yana jan wat 75 zuwa 100, ƙaramin Mini kuwa 25 zuwa 40.

Game da IPv6, sabon tsarin adireshi, ka duba a test-ipv6.com. Samunsa alheri ne, amma sabar da ke kan IPv6 kaɗai ba ta buɗuwa ga wanda layinsa ba shi da shi, kuma irin waɗannan suna da yawa a nan. Ka gwada da wayoyin mutanen da za su yi amfani da sabar ɗin, ba taka kaɗai ba.

In babu adireshin fili

Nan ne yawancin masu karanta wannan za su tsinci kansu, kuma ba abin tashin hankali ba ne. CGNAT shigowa yake hanawa, ba ya hana fita. Sai sabar ta fita da kanta ta kama wani wuri a waje, ta riƙe hanyar a buɗe, baƙi su biyo ta ciki.

In kai da iyalinka da yaran shago ne kawai masu shiga, Tailscale ya wadatar. Ana sa shi a sabar da kowace waya, su zama kamar suna gida ɗaya, ba a buɗe ko ƙofa guda ga duniya ba. Ka rubuta `tailscale status` ka gani ko haɗin kai tsaye ne ko ta hannun mai miƙawa. In ɓangarorin biyu duk suna bayan CGNAT mai tsauri, yakan koma ta mai miƙawa, gudu ya ragu.

In shafi ne na kowa da kowa, Cloudflare Tunnel kyauta ne, kuma suna da cibiya a Legas. Ana buƙatar sunan shafi da ke ƙarƙashinsu da ɗan shirin cloudflared a sabar. Iyakarsa biyu: a tsarin kyauta ba a ɗora fayil da ya wuce MB 100 a tashi ɗaya, kuma sharuɗɗansu ba su yarda a mayar da shi tashar watsa bidiyo ba.

Hanya ta uku ita ce wadda ta fi ba ka iko. Ka yi hayar ƙaramar sabar ta VPS mai adireshin fili, ko mai RAM na GB 1 ta isa, ka haɗa ta da ta gida ta WireGuard, shirin da ke buɗe rufaffiyar hanya tsakanin na'urori biyu. VPS na sauraro a ƙofar UDP 51820, ta gida ce ke kira. A ɓangaren gida ka sa `PersistentKeepalive = 25`, in ba haka ba CGNAT zai manta da haɗin bayan ɗan shiru, baƙo ya zo ya tarar a rufe. MTU na asali 1420 ne, amma a kan SIM in ka ga ƙananan shafuka na buɗewa manya na maƙalewa, ka sauke shi zuwa 1280. Sai Caddy ko Nginx a VPS ya riƙa karɓar 80 da 443 yana miƙawa gida.

Inda VPS ɗin yake yana da tasiri. Manyan wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne, Glo-1, WACS da Equiano a Legas suke sauka, kuma daga Legas zuwa Landan da dawowa kusan milidaƙiƙa 100 ne. In VPS yana Turai, mutumin da ke Ƙofar Ƙaura yana neman sabar da ke Batagarawa sai saƙonsa ya je Turai ya dawo, amsa ma ta je ta dawo, an haura 200 ke nan kafin a lissafa tafiyar cikin gida. VPS na Legas ya fi, musamman in masu shi da kamfanin layinka duk suna haɗe a cibiyar musayar intanet ta IXPN. Shirin `mtr` zai nuna maka hanyar mataki-mataki. Akwai kuma darasin 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma: abin da ke cikin ƙasa ya fi abin da ke ƙetare sauƙin samu a kwanakin.

A ganinmu, ga mai sabar gida a Katsina ko Daura, layi biyu masu matsakaicin kuɗi da VPS guda sun fi layi ɗaya mai tsada da tsayayyen adireshi. Dalili kuwa, adireshin da duniya ta sani na VPS ne. In layin farko ya faɗi, rauta ta koma na biyu, WireGuard ya sake kira, baƙo bai ma san an yi ba. Mai tsayayyen adireshi kuwa, ranar da layinsa ya tsinke adireshin ya tafi da shi. Sharaɗin shi ne layukan biyu su bambanta da gaske. Kamfanonin waya sukan yi tarayya a ƙarfe ɗaya, in janaretonsa ya tsaya SIM biyun tare za su yi shiru. Faiba da SIM, ko SIM da tauraron ɗan'adam, ya fi. Kuma jihar nan ta ga abin da ya fi haka: a Satumbar 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro, aka shafe watanni. Duk abin da ba ka son rasawa, a sami kwafinsa a wani gari.

Sabar imel kam a bar ta. Ƙofa 25 a toshe take a yawancin layukan gida, adireshinsu na cikin jerin da Spamhaus ke cewa kada a karɓi wasiƙa kai tsaye daga gare su, kuma ba za a ba ka damar saita PTR ba, wato rijistar da ke danganta adireshi da suna. Wasiƙunka kwandon shara za su riƙa faɗawa.

Wuta, zafi da tsawa

Kamfani ya yi alkawarin layi zai yi aiki kashi 99.9 cikin 100 na lokaci, wato yankewar minti 43 a wata, ko kashi 99, wato awa 7 da 'yan mintuna. Duk wannan ba shi da amfani in akwatinsu a gidanka yana jiran wutar KEDCO. Ka yi jimilla: akwatin faiba wat 6 zuwa 8, rauta kamar 10, ƙaramar kwamfuta irin mai N100 10 zuwa 15. Ka ce wat 30, wato Wh 720 a yini. Batirin 12V 100Ah na ruwa Wh 1200 ne a rubuce, amma rabi kawai ake ci in ana so ya yi ƙarko, bai kai yini ba ke nan. Na lithiyam LiFePO4 mai girman nan yana ba da kusan Wh 1000 ko fiye, ya haura yini. Ka ƙara babban faifan Starlink, buƙatar ta haura Wh 2500, sai an yi maganar sola ta sosai.

Barin babbar inbata a kunne saboda wat 30 ɓarna ce, don ita kanta tana iya cin kusan haka tana zaune. Rauta da akwatin faiba galibi 12V suke ci, a ba su kai tsaye daga batir ta na'urar daidaita wuta, da fis a kan kowane layi. Ka duba rubutun jikin caja tukuna, akwai masu 9V da 19V. A BIOS ɗin sabar ka kunna saitin da ke tayar da ita da kanta in wuta ta dawo.

Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, kuma rautar SIM da aka ajiye a taga tana fuskantar rana takan rage gudu ko ta sake tashi da kanta da azahar, a ɗora wa kamfani laifi. A sa ta a inuwa inda iska ke ratsawa. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, a busa ta duk wata. Da damina kuwa, duk eriyar da ke kan ƙarfe a rufi tana buƙatar waya mai kauri zuwa sandar tagulla a ƙasa, da makarin tsawa a kan Ethernet kafin ta shiga ɗaki. Ƙasar yashi busasshiya ba ta karɓar wuta da kyau, a nitsa sandar sosai inda ke da danshi. Faiba ba ta ɗaukar tsawa tunda gilashi ce, amma akwatinta na iya ƙonewa ta wayar lantarki.

Kafin ka biya kuɗin wata uku ko na shekara, ka biya na wata ɗaya, ko ka ari akwatin maƙwabci na kwana biyu in SIM ne. Ka buɗe asusun UptimeRobot na kyauta, ya riƙa leƙa sabar daga waje duk minti biyar yana rubuta lokacin da ta ɓace. Mai lura dole ya kasance a waje, don wanda ke cikin gida tare za su faɗi. Daga ranar da ka buɗe ƙofa 22 ga duniya kuma, cikin sa'o'i za ka ga baƙin adireshi suna gwada kalmar sirri. Ka kashe shiga da kalmar sirri, ka koma mabuɗin SSH, ka sa fail2ban, shirin da ke toshe masu yawan gwada shiga, kuma shafin saitin rauta da na'urar kyamara kada su taɓa fuskantar waje sai ta Tailscale ko WireGuard. In bayanan kwastomomi ko na ɗalibai za ka ajiye, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kanka, ko da sabar tana ƙarƙashin gadonka ne. Ƙarshen wata ka ɗauki rahoton UptimeRobot ka je da shi ofis, a kansa za ku yi cinikin tsarin shekara.